Tafawa Balewa: Kujera a Legas, Ragama a Kaduna

Najeriya ba ta taɓa yin Firayim Minista ba sai mutum ɗaya, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya riƙe kujerar daga 1957 har zuwa daren 15 ga Janairun 1966. In aka ambaci sunansa yau, magana biyu ake ji. Masoyansa su ce mutumin kirki ne, ya yi mulki shekara takwas bai tara dukiya ba, bai ci amanar kowa ba. Masu suka, musamman daga Kudu da gidajen tsofaffin 'yan NEPU, jam'iyyar adawa ta Arewa, su ce ai yaron Sardauna ne da aka ajiye a Legas yana jiran umarni daga Kaduna. Kowace magana tana da nata kason gaskiya, amma babu wadda ta bayyana yadda mutum mai hankali da tsoron Allah irinsa ya wayi gari yana jagorancin gwamnatin da ta kasa hana ƙasa zamewa cikin jini. A ganina amsar tana cikin irin kujerar da aka ba shi, da inda ƙarfinta yake fitowa.

A tsarin majalisa irin na Ingila, wanda Turawa suka bar mana, jama'a ba sa zaɓen Firayim Minista kai tsaye. Wakilai suke zaɓa, wanda ya fi rinjaye a cikin wakilan shi zai kafa gwamnati. Shi ya sa bisa al'ada shugaban jam'iyyar da ta ci zaɓe shi ke zama Firayim Minista: jam'iyya tasa, majalisa tasa, gwamnati tasa, kuma duk ɗan majalisar da ya yi masa tawaye ya san takararsa ta gaba tana cikin haɗari. A Najeriya abin ya rabu gida biyu. Shugaban NPC, jam'iyyar da ke mulkin Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya zaɓi ya zauna a Kaduna yana Firimiyan Jihar Arewa, ya bar wa mataimakinsa kujerar tarayya. Mutumin da ya fi kowa muƙami a ƙasa ya zama na biyu a jam'iyyarsa, kuma wakilan da yake dogaro da ƙuri'unsu ba shi ya tsayar da su ba. Kaduna da fadojin sarakuna ne suka tsayar da su.

Wanda bai san farkon Malam Abubakar ba zai ɗauka dama can mutum ne mai bin na sama ido rufe. Tarihinsa ya ƙaryata wannan. An haife shi a 1912 a garin Tafawa Balewa a ƙasar Bauchi, kuma ba ɗan sarauta ba ne: mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala hidima yake yi a gidan hakimi. Ƙwaƙwalwarsa ce ta kai shi Kwalejin Katsina a 1928, inda ya tarar da 'ya'yan manya, cikinsu har da Ahmadu Bello, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya gama a 1933 ya koma koyarwa a makarantar Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A Bauchin ne ya zauna da'irar muhawara ɗaya da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, matasan malamai suna tattauna mulkin En'e da halin da talaka yake ciki, har abin ya dami Turawa da fada. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi kwas na ilimin koyarwa, da ya dawo aka zaɓe shi majalisar Arewa, daga nan kuma majalisar dokoki ta ƙasa a 1947.

Abin da ya yi a watan Agustan 1950 shi ne ya kamata duk mai kiransa matsoraci ya fara karantawa. Ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a kafa hukuma mai zaman kanta ta binciki tsarin En'e gaba ɗaya. Ya yi magana a kan cin hanci da ya zama ruwan dare, a kan yadda talaka ba shi da bakin magana a al'amarin da ya shafi rayuwarsa, a kan dokar da ta mai da sarki mai wuƙa da nama shi kaɗai ba tare da ya saurari majalisarsa ba. Sai mai karatu ya tuna wane zamani ne. Lokacin da ake cire takalmi tun daga nesa in za a wuce ƙofar fada, kuma mai maganar ma'aikacin En'e ne, albashinsa a baitulmalin sarki yake fitowa. Ƙudurin ya wuce da ƙaramin rinjaye, aka yi bincike, aka soke ikon sarki shi kaɗai aka ɗaure shi da majalisa, sannan dokar En'e ta 1954 ta biyo baya. A cikin watan nan na Agusta ne kuma aka kafa NEPU a Kano. Hanya ta rabu daga nan. Aminu Kano ya ga tsarin ba ya gyaruwa sai an tumɓuke shi, shi kuwa Abubakar ya ga a gyara daga ciki, sannu a hankali.

Me ya hana shi bin abokansa? Tsoro, amma ba tsoron sarakuna ba. Tsoron abin da zai sami Arewa in Turawa suka tafi alhali akawun jirgin ƙasa, da ma'aikacin gidan waya, da malamin asibiti, kusan duk daga Kudu suke. A jawabansa na 1947 da 1948 ya faɗa ƙarara cewa haɗin kan Najeriya a takarda kawai yake, Turawa ne suka ƙirƙiro shi. Mutumin da ke ganin haka ba zai yarda Arewa ta rabu gida biyu, talakawa da sarakuna, a daidai lokacin da ake rabon ƙasa ba. Abin da ya faru a 1953 ya ƙara masa wannan imani: Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin samun mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi sa rana, aka yi musu ihu da zagi a titunan Legas, bayan 'yan makonni kuma rikici ya ɓarke a Kano aka rasa rayuka. A taron NPC na Jos a 1954 aka zaɓi Sardauna shugaba, Abubakar mataimaki. Ya karɓi matsayi na biyu, bai kuma taɓa neman ƙwace na ɗaya ba har ya bar duniya.

Sai dai Legas ta sauya shi. Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Yarbawa da Ibo da mutanen bakin teku. A 1955 ya je Amurka duba yadda suke sufuri a manyan kogunansu, ya dawo yana cewa in mutanen da suka fito daga ƙasashe barkatai za su iya zama al'umma ɗaya, to mu ma za mu iya. Da Gwamna Janar Sir James Robertson ya naɗa shi Firayim Minista a 1957, sai ya kafa gwamnatin haɗaka da ta ƙunshi NPC da manyan jam'iyyun Kudu biyu, wato NCNC ta Azikiwe mai ƙarfi a Gabas da AG ta Awolowo mai ƙarfi a Yamma, har Samuel Ladoke Akintola ya zama minista a ƙarƙashinsa. Daga nan ya ɗauki amana biyu a wuyansa: ta Arewa da ta aiko shi, da ta Najeriya da ya rantse zai riƙe.

Zaɓen Disamban 1959 ya nuna yadda lissafin yake. Kujeru 312 ne a majalisar wakilai, 174 daga ciki a Arewa suke. NPC ta ci 134, NCNC da abokiyarta NEPU suka ci 89, AG da nata abokan suka ci 73. A yawan ƙuri'u NCNC ta fi NPC, domin matan Arewa ba sa jefa ƙuri'a a lokacin, amma kujeru ake ƙirgawa. Da NCNC da AG sun haɗa kai da sun kafa gwamnati ba tare da jam'iyyar Arewa ba, kuma mutane da yawa na ganin da hakan ta faru da ƙasar ba ta kai ranar 'yanci a dunƙule ba. Dakta Nnamdi Azikiwe ya zaɓi tafiya da NPC ya zama Gwamna Janar, Cif Obafemi Awolowo ya zama jagoran adawa. Darasin da NPC ta ɗauka shi ne cewa muddin ta riƙe Arewa gam, kuma ƙidaya ta ci gaba da ba Arewa fiye da rabin kujeru, to abokin tafiya ɗaya kacal take buƙata daga Kudu, ko wane ne shi.

Inda aka sakar masa mara, Abubakar ya nuna ko shi wane ne, kuma wurin shi ne harkokin waje, wanda ya riƙe da kansa har 1961 kafin ya miƙa wa Jaja Wachuku. Ranar 7 ga Oktoban 1960 ya shigar da Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya a matsayin ƙasa ta 99. Ya tura sojoji aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango. A Janairun 1961 ya kori jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da take yi a Sahara. A taron ƙasashe renon Ingila na wannan shekara yana cikin waɗanda suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice. Ya ƙi tafiyar gaggawa irin ta Kwame Nkrumah mai neman gwamnati ɗaya ga Afirka duka, ya tsaya a kan kowace ƙasa ta mutunta iyakar 'yar'uwarta, kuma wannan ra'ayi ne ya yi rinjaye da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Ga masu cewa ba ya iya saɓa wa Kaduna: gwamnatinsa ta ƙulla hulɗa da Isra'ila ta kuma karɓi rancenta, alhali Sardauna ya fito fili yana adawa da haka. Da ɗalibai suka tayar da ƙayar baya kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, ya soke ta a 1962. A cikin gida ma an yi aiki: layin dogo ya ratsa Bauchi da Gombe ya kai Maiduguri a 1964, aka fara madatsar ruwa ta Kainji, aka gina gadar Kwara a Onica da matatar mai a Fatakwal.

Amma ba a kan waɗannan ake auna shi ba, kuma gaskiya ba a kansu ya kamata a auna shi ba. Jihar Yamma ce ma'auni, sau biyu, a 1962 da 1965.

A 1962 AG ta dare tsakanin Awolowo da Akintola, wanda ya gaje shi a kujerar Firimiya. Gwamnan jihar, Ooni na Ife Sir Adesoji Aderemi, ya sauke Akintola bisa takardar da akasarin 'yan majalisa suka sa wa hannu, ya naɗa Alhaji Dauda Adegbenro. Ranar 25 ga Mayu majalisa ta zauna a Ibadan don tabbatar da wanda ke da rinjaye, sai 'yan tsiraru suka tada hargitsi, aka yi jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa. Rikicin bai wuce zauren ba, gari lafiya lau. Duk da haka bayan kwana huɗu gwamnatin tarayya ta kafa dokar ta-ɓaci, ta dakatar da gwamnatin jihar, ta naɗa Dakta Moses Majekodunmi kantoma. Da wa'adin ya cika aka mai da Akintola kujerarsa ba tare da sabon zaɓe ba. Da kotun ƙarshe ta Landan ta yanke hukunci a 1963 cewa sauke shi ya halatta, sai aka gyara tsarin mulkin jihar aka mai da gyaran baya don hukuncin ya zama banza. A cikin wannan shekara aka ɗaure Awolowo shekara goma kan laifin shirya kifar da gwamnati, aka kuma yanki Jihar Tsakiyar Yamma daga jikin Yamma, alhali kukan 'yan tsiraru a Arewa da Gabas ba a saurare shi ba.

Yanzu a ɗora wannan kusa da abin da ya biyo bayan zaɓen jihar na 11 ga Oktoban 1965. An yi maguɗi a fili, aka hana 'yan adawa miƙa takardun takara a mazaɓu da dama, aka bayyana jam'iyyar Akintola ta NNDP ta yi nasara. Jama'a suka fusata, aka shiga zuba wa mutane da gidaje da motoci fetur ana cinna wuta, hanyoyi suka zama tarko, aka yi ta kashe-kashe wata uku. Wannan karon gwamnatin tarayya ba ta kafa dokar ta-ɓaci ba. Faɗan kujeru a zaure ɗaya ya isa a rushe gwamnati a 1962, amma gawawwaki a kan titi ba su isa ba a 1965. Bambancin ɗaya ne: a karo na farko dokar ta raunana abokin hamayya, a karo na biyu da ta kayar da abokin ƙawance, domin Akintola shi ne sabon abokin tafiyar NPC bayan ta ɓata da NCNC. Ina girmama wannan bawan Allah ƙwarai, amma a nan babu uzurin da zai wanke shi tas. Shi ke da ikon kai maganar gaban majalisa, 'yan sandan tarayya da soja a ƙarƙashinsa suke. Abin da ba shi da shi shi ne jam'iyyar da za ta tsaya masa in ya yi. Ranar 14 ga Janairun 1966, da al'amari ya ta'azzara, Akintola bai nufi Legas da ke kusa da shi ba. Kaduna ya tashi ya je wurin Sardauna.

Tsakanin waɗannan shekaru biyu komai ya riga ya tsami. An yi ƙidayar jama'a a 1962 aka soke saboda gardama, aka sake a 1963 aka sami miliyan 55.6, Arewa tana da miliyan 29.8. Firimiyan Gabas Michael Okpara ya yi watsi da ita, don kowa ya san ƙidaya ita ce zaɓe kafin zaɓe. A Yunin 1964 ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari kan albashi, a ƙasar Tibi kuma aka tura soja su murƙushe boren magoya bayan Joseph Tarka. Zaɓen tarayya na 30 ga Disamban 1964 ya zo cikin ƙauracewar ƙawancen UPGA, wanda ya haɗa NCNC da AG da NEPU da UMBC ta Joseph Tarka. Azikiwe, wanda ya zama Shugaban Ƙasa tun da aka koma jamhuriya a 1963, ya yi kwanaki ya ƙi kiran Abubakar ya kafa gwamnati, sai da manyan alƙalai suka shiga tsakani aka sasanta ranar 4 ga Janairun 1965. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan zaɓe shi ne yadda aka yi shi a Arewa. 'Yan dokan En'e suna hana taro, kotunan alƙalai suna ɗaure 'yan NEPU kan laifin zagin sarki ko taro ba izini, 'yan takarar NPC da dama suna wucewa ba hamayya saboda abokan karawarsu sun kasa miƙa takardu. Tsarin nan da malamin makaranta ya tsaya ya tona asirinsa a 1950, shi ne yake kawo wa Firayim Minista rinjayen da yake mulki da shi. Ya san da haka, kuma ba shi da wata ƙafar da zai tsaya a kai in ya sare wannan. Rasuwar Muhammadu Ribaɗu, Ministan Tsaro, a Mayun 1965 ta ƙara masa kaɗaici, don Ribaɗu ne mutumin da ke iya faɗa wa Kaduna gaskiya a ji.

Ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan tawayen Turawan Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin taron a wajen Landan, har Harold Wilson ya halarta. Kwana uku bayan haka, cikin watan azumi, wasu manjoji ƙarƙashin Chukwuma Kaduna Nzeogwu da Emmanuel Ifeajuna suka afka. Suka kashe Sardauna da matarsa Hafsatu a Kaduna, Akintola a Ibadan, suka ɗauke Abubakar da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh daga gidajensu a Legas. Suka kashe manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari, Kanar Kur Mohammed, Abogo Largema, James Pam da Birgediya Samuel Ademulegun. Bayan kwanaki aka tsinci gawar Firayim Minista a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura. Allah ya jiƙansa. Duk kurakuran da na lissafa babu wanda ya halatta wannan ta'asa, kuma yadda aka yi kisan, aka ƙyale Firimiyoyin Gabas da Tsakiyar Yamma, shi ya shuka ramuwar gayya ta 29 ga Yuli da kashe-kashen da suka kai ƙasa ga yaƙin basasa a 1967.

Ko a wannan rana raunin kujerar ya sake bayyana. Ministocin da suka tsira sun so a naɗa Zanna Bukar Dipcharima ya riƙe ta, amma babu Kaduna da za ta mara musu baya, sai muƙaddashin Shugaban Ƙasa Nwafor Orizu ya miƙa mulki ga Manjo Janar Aguiyi-Ironsi. Kusan duk gyaran da aka yi wa ƙasar daga baya amsa ce ga matsalolin da suka ɗaure hannun Abubakar. A 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba jihohi huɗu zuwa 12 don kada wata jiha guda ta sake fin tarayya ƙarfi. Aka narkar da 'yan dokan En'e cikin 'yan sandan ƙasa, aka karɓe kotuna da gidajen yari daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ƙudurin 1950 ya fara. Tsarin mulkin 1979 ya ce jama'a su zaɓi shugaba da kansu, kuma sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, don kada ikonsa ya zama aro daga wani yanki ko wani mutum. Wanda ya fara cin zaɓe a wannan tsari shi ne Alhaji Shehu Shagari, tsohon sakataren majalisa na Abubakar kuma ministansa. Wanda ya kai shi kotu kan ko ya cika sharaɗin a kashi biyu cikin uku na jihohi 19 shi ne Awolowo, jihar da aka yi gardama a kanta kuwa ita ce Kano, inda Malam Aminu ya kwashe ƙuri'un.